Daga Lifidin Doki Zuwa Buhun Ƙyallayen Tela

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ya ga 'yan lifida, barade a kan dawakan da aka lulluɓe tun daga wuya har gwiwa da wata tufa mai kauri, an haɗa ta da ƙyallaye ja da rawaya da kore, an bi ta da ɗinki layi-layi. Idon mai kallo yakan tafi ga kwalkwali da gashin jimina, ya bar tufar, wato lifidi, alhali tana cikin tsofaffin ayyukan allura a ƙasar Hausa.

Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali fagen yaƙi. A 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ga irin waɗannan barade a rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da ta kai wa Gobirawa yaƙi, ya kuma rubuta yadda nauyin kayan yake hana dawakan sauri. A wannan zamanin ne aka kafa masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya assasa a 1819, kuma zamani ne da doki da kayansa suke raba gardama a filin daga.

Yadda ake yin lifidi ba ɓoyayye ba ne. Ana shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, a baza audugar rimi a kai, a rufe da wani ƙyallen, sannan a bi da allura ana ratsa rukunin ukun gaba ɗaya. Ɗinkin nan shi ke hana audugar taruwa wuri guda. Idan layukan sun yi kusa da juna, kibiya takan maƙale a cikin audugar kafin ta taɓa fata. Babban abin tsoronsa wuta, domin audugar rimi ba ta da wuyar kamawa.

Yaƙin dawakai ya wuce, amma dabarar tana nan. Ita ce a jikin katifar gargajiya, ita ce a shimfiɗar da ake sa wa doki a ƙarƙashin sirdi, ita ce kuma a hannun matan da ke haɗa zanen gado, rigar matashi da shimfiɗar jariri da ragowar yadi. A Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, kamar sauran garuruwan Arewa, inda ake samun wannan ragowa shi ne shagon tela. Kafin Sallah ko bikin aure, keke ba ya hutawa dare da rana, kuma kowace riga da aka yanka tana barin guntaye: bakin shadda, kusurwar atamfa, tsirin leshi, sauran shafi. Yaran shago kan tattara su a buhu. Mai haɗa ƙyallaye takan karɓa ko ta saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta zazzage a tabarma, ta ware masu kauri daban, masu santsi daban, ta fara daidaita launi da launi.

Haɗa fuskar zanen shi ne ɓangaren da ke da daɗi, kuma a nan ne ayyuka da yawa suke tsayawa. Ba a rasa gidan da ke da zanen gadon da aka haɗa fuskarsa aka naɗe aka jefa a akwati, shekara ta zagayo ba a sa masa baya ba. Dalili kuwa, abin da ya rage aiki ne na haƙuri.

Da farko sai guga. Ana kifa fuskar a bi kowace mahaɗa da dutsen guga har ta kwanta, in ba haka ba za ta yi tudu a ƙarƙashin mai kwanciya. Sai a shimfiɗa yadin baya a wuri mai faɗi, a ɗora abin da zai zauna a tsakiya, ko auduga ko tsohon zane mai laushi, a rufe da fuskar. Gwanaye kan kama rukunin ukun da manyan ɗinki na wucin gadi, suna farawa daga tsakiya zuwa baki, don kada yadin ya tattare. Bayan haka ne ake yin ɗinkin gaske, da hannu ko da keke mai ƙafa irin Butterfly ko Singer. A ƙarshe a daidaita gefuna huɗu da almakashi, a yanko dogon tsiri mai ƙwari a naɗe bakin da shi, a kalmashe, a ƙulle zare a kowace kusurwa, a zare ɗinkin wucin gadi, a tsinke duk wani zare mai lilo.

Mai saye da ya san kaya bakin yake fara dubawa, sannan ya juya baya. Bakin ne ke shan ja da wanki, kuma daga nan aiki yake fara warwarewa. Akwai kuma abin da ake gudu tun kafin a fara: atamfar da ke zuba. Idan ba a jiƙa ta an gwada ba, wanki ɗaya zai sa janta ya shiga farar shaddar da ke maƙwabtaka da ita.

Wannan sana'a ta kai wasu nesa. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, matan da kakanninsu bayi ne a gonakin auduga sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhunan hatsi don maganin sanyi. A 2002 aka baje kolin ayyukansu a manyan gidajen adana zane na Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan a jikin kan sarki. Kayan aikinsu bai fi na matar da ke Roni ko Gwiwa ba. Abin da suka samu shi ne masu kallon aikinsu da idon daraja.

Idan aiki ya fita, sai gyaran wurin aiki, kuma a Arewa ba abin wasa ba ne. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da burbushin yadi ta cushe ƙarƙashin farantin allura, inda kwarkwaro yake juyawa, sai keke ya fara tsallake ɗinki ko tsinka zare. Tela mai kula yakan buɗe wurin ya share da ɗan buroshi, ya ɗiga man keke, ya gwada a kan tsumma har man ya daina fita don kada ya ɓata kayan mutane, ya canza allurar da ta dakushe, ya rufe keken da zane. Almakashin yadi a kai shi wasawa, a kuma hana yara yanka takarda da shi. Allurai da fil-fil da suka zube ana bin su da maganaɗisu, musamman a cikin gida inda yara ke rarrafe. Dutsen guga na gawayi kuwa a juye shi a waje, nesa da buhun ƙyallaye.

Sai buhun kansa. Manyan guntaye na haɗi ne, matsakaita na aljihu da shafi da faci, ƙananan da ba sa ɗinkuwa na cusa matashi. Wannan rarrabewa ta ƙara muhimmanci yanzu da yawancin yadin kasuwa yake da haɗin roba. Irinsa ba ya ruɓewa da sauri kamar saƙin auduga. In an watsar da shi a kwata yana toshe hanyar ruwa da damina, in an ƙone shi hayaƙinsa yana cutar da ƙirji.

Ƙungiyoyin teloli da cibiyoyin koyar da sana'a na mata a ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura suna iya ɗaukar matakin da ba ya bukatar jari mai yawa: su riƙa tara ƙyallayen shaguna bayan kowace Sallah, su miƙa wa masu haɗi, su kuma sa naɗe baki da kula da keke cikin darussan farko da ake koya wa sababbin ɗalibai.