Aikin Hannu Na Yara A Lokacin Kaka

A cikin littattafan koyon aikin malanta da a ke kawo mana daga Ingila da Amurka, a kan sami babi guda a kan aikin hannu na lokacin da ganyayen itatuwa su ke zuba. Can ƙasashen, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, ganye ya kan juye ya zama ja ko rawaya kafin sanyi ya shigo, sai yara su tsinto shi su manna a takarda, su yi wa aji ado. Wanda ya karanta wannan a nan ƙasarmu ya kan rufe littafi ya ce, "Wannan ba namu ba ne." To, ganyen dai ba namu ba ne, amma watannin nan su ne kakarmu. Ruwa ya ɗauke, an yanke gero, an cire gyaɗa, dawa ta nuna, duma ya ƙosa bisa danga. Babu wani lokaci cikin shekara da kayan aikin hannu su ke samuwa kyauta a bakin ƙofar makaranta kamar wannan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, 'yan'uwana masu koyon malanta, shi ne halin da darasin aikin hannu ya ke ciki a makarantu da yawa. Wani wuri an mai da shi lokacin shara da cire ciyawa. Wani wuri kuwa sai ƙarshen zango malami ya ce ko wane yaro ya kawo tsintsiya, uba ya tafi kasuwa ya sayo, a ba yaro maki. Tsintsiya ta shiga ofis, maki ya shiga littafi, amma hannun yaro bai koyi kome ba. Mu ne za mu gaji waɗannan azuzuwa ba da daɗewa ba, saboda haka ya kamata mu san abin da a ke hasara.

Kayan da kaka ta ke ba mu

Na farko shi ne karan dawa. In ka ɗauki kara busasshe ka yanke tsakanin gaɓa da gaɓa, ka ɓare, za ka sami abu biyu: ɓawo mai ƙarfi wanda a kan tsaga siri-siri, da totuwa fara mai laushi da ke ciki. Ɓawon ya kan shiga totuwa kamar yadda ƙusa ta ke shiga katako, ba a bukatar guduma, ba a bukatar ƙaro. Da waɗannan biyu yaran ƙauye su ke ƙera mota da keke da tabarau da jirgin sama da kejin tsuntsu, ba wanda ya sa su. Ƙafafun mota kuwa da sakaina a ke yi, watau fasasshiyar ƙwarya.

Na biyu yumɓu. Da ɗaukewar ruwa, kududdufi da bakin rafi su kan janye su bar yumɓu mai danƙo a fili, a ɗebo shi ba wuya. In aka dakata har tsakiyar rani sai ya ƙafe ya zama kamar dutse.

Na uku kayan saƙa da tufka: kaba, da ɓawon rama, da ciyawar tsintsiya, da karan acca a ƙasar duwatsu, da auduga. Na huɗu ƙwayoyi na ƙirga da ado, kamar 'ya'yan tsamiya da masara da wake da ɓawon gyaɗa. Launi ma ba sai an saya ba. Karan dafi, wanda dukawa su ke rina fata da shi, ya kan ba da ja, gangamau ya ba da rawaya, gawayi baƙi, ga kuma farar ƙasa da jar ƙasa. In ana son manna abu, ƙaro ko ɗan kunun rogo ya isa.

Amfaninsa ga hannu

Yaro ya kan mallaki kafaɗarsa da damtsensa kafin ya mallaki yatsunsa. Shi ya sa ɗan shekara uku ya kan damƙe fensir da dukan hannu, ya yi zane da motsin kafaɗa. Rubutu mai kyau kuwa aikin yatsa uku ne, babban yatsa da manuni da na tsakiya, kuma tilas ido ya riƙa yi musu jagora. Yaron da a ke ba shi fensir tun yatsun nan ba su yi ƙwari ba, sai ya gaji da wuri, haruffansa su karkace, a yi ta yi masa faɗa, har ya tsani rubutu. Amma dubi yaro yana soka siririn ɓawo cikin totuwa, ko yana murza yumɓu ya zama igiya, ko yana zura 'ya'yan tsamiya a zare. Yatsun nan uku su ne ke aiki, ido yana biye da su, shi kuwa yana murna bai san horo a ke yi masa ba.

Amfaninsa ga lissafi

A nan ne na ga amfanin ya fi yawa. Yaron da ke ƙera mota tilas ya yanke kara huɗu su zo daidai tsawo, in ba haka ba mota ta karkace. Ya fara awo ke nan, da yatsa da taƙi, kafin a nuna masa rula. Ƙafar mota kuwa in bai huda ta a tsakiya sosai ba, sai ta riƙa ɗingishi in ana ja. Ranar da malami zai yi maganar da'ira da cibiyarta, wannan yaro ya riga ya san inda maganar ta nufa.

Sa'ad da na ke koyarwar gwaji a wata makarantar ƙauye, na ga wata yarinya 'yar aji uku ta haɗa kara huɗu ta yi bangon keji, amma ko yaushe ta ɗaga sai ya lanƙwashe. Ta gwada sau uku. Daga nan ta ɗauki kara na biyar ta gicciya daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai abu ya tsaya kyam. Ta gane da hannunta abin da kafintoci da masu gina gada su ke aiki da shi, watau siffa mai kusurwa uku ba ta lanƙwasa kamar mai kusurwa huɗu. Ban ce mata kome ba sai da ta gama, sa'an nan na tara sauran yara ta nuna musu.

Haka kuma saƙa. Mai saƙar kwando da zare guda, yana bi ta kan wannan tsinke ta ƙarƙashin wancan, zai tarar sai tsinkayen sun zama 7 ko 9 ko 11 saƙa ta ke tafiya daidai. In 8 ne ko 10, zagaye na biyu sai ya bi sawun na farko, kwando ya ƙi kamawa. Ga hanyar koya wa yara bambancin adadin da ke rabuwa biyu daidai da wanda ba ya rabuwa. In kuwa aka sa su ɗaure sillen kara goma-goma, dami uku da sille huɗu su zama 34, sun ga abin da goma da ɗaya su ke nufi a rubuce.

Wani masani na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu cikin 1980, ya yi wani gwaji da ko wane malami zai iya maimaitawa a ajinsa. A dunƙula yumɓu biyu daidai da juna, yaro ya yarda girmansu ɗaya. Sa'an nan a murza ɗaya a gaban idonsa ya yi tsawo, a tambaye shi wanne ya fi yawa. Yawancin yaran da ba su kai shekara bakwai ba su kan ce sun bambanta, gama idonsu yana kan tsawo kaɗai. Sai sun ƙara girma su ke ganewa yawan bai sake ba. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, ƙaramin yaro da abin da ya gani ya taɓa ya ke tunani. In muka fara masa da alli da allo kaɗai, zai haddace, amma ganewa ta yi nisa.

Amfaninsa ga harshe da hali

A wannan sashi na ƙasarmu aji guda ya kan haɗa yara masu harsuna uku ko huɗu. Waɗansu sun zo ba Hausa sosai, balle Turanci, sai su yi shiru a bayan aji wata da watanni. Lokacin aikin hannu bakinsu ya kan buɗe, gama abin da a ke magana a kai yana hannunsu. Doguwa da gajeruwa, kauri da siranta, sama da ƙasa, tsaga, murza, ɗaure, duk kalmomi ne da ke shiga kai da sauƙi in hannu yana yin abin. Malami mai dabara ya kan tambayi yaro sunan abin da harshen gidansu, ya faɗa masa da Hausa, sa'an nan da Turanci.

Ga kuma haƙuri. Tukunyar yumɓu sai ta yi kwanaki tana bushewa, ba yadda za a gaggauta ta. Wata ta tsage, mai ita ya yi kuka, gobe ya sake wata. Yaron da kullum shi ne na ƙarshe a jarrabawa, wani lokaci shi ne gwanin aji wajen ƙera mota, har na ɗaya ya zo neman taimakonsa. Ranar nan ya kan koma gida kansa a ɗage, kuma sau da yawa karatunsa ma ya kan motsa, domin ya gane shi ma yana iya wani abu.

Maganar ba sabuwa ba ce

Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna Kindagatin cikin 1840, watau lambun yara, ya sa yaransa aikin yumɓu da saƙa da naɗa takarda. Har yana da wani aiki na haɗa tsinke da jiƙaƙƙen wake a gina siffofi, wanda ba shi da bambanci da namu na ɓawo da totuwa. A nan Nijeriya, makarantar da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 tana da sashin sana'a, inda a ke koyon dukanci da ƙira da sassaƙa. Ladi Kwali kuwa, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida, irin na matan Gwari. Cikin 1954 ta shiga wurin koyon ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta dā, watau Suleja, daga nan aikinta ya kai Turai da Amurka. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Shawara ga sabon malami

Ka fara tara kaya da wuri. Ka roƙi manoma kara kafin a kwashe na danga da na wuta, ko dabbobi su tattake saura. Ka ajiye shi a inuwa bisa duwatsu domin gara.

Ka raba aiki bisa ga shekaru. 'Yan aji ɗaya da biyu su yi yumɓu da zura ƙwayoyi da manna ɓawon gyaɗa. 'Yan aji uku da huɗu su yi kara da tufkar igiya. Manya su yi faifai da kwando da zanen ƙwarya.

Ka lura da haɗari. Ɓawon kara yana yanka kamar aska, saboda haka manyan yara ko kai kanka za ku tsaga wa ƙanana. Kada ka yarda a kawo idon zakara ko 'ya'yan zurma ko na bini-da-zugu, ko da ya ke suna da kyaun gani, gama dafi gare su, ƙaramin yaro kuwa kome baki ya ke kai wa. A wanke hannu bayan aiki.

In hunturu ya fara, kada a shanya kayan yumɓu a rana ko a iska, sai su tsage. A gauraya yumɓu da ɗan yashi ko dakakken tsingaro, a bar shi ya bushe sannu a cikin ɗaki. Kada a gasa sai ya bushe sarai, in ba haka ba ya fashe a wuta.

In akwai tsohuwa mai ginin tukwane ko dattijo mai saƙar tabarma a garin, ka je ka gaishe su, ka roƙe su su zo su nuna wa yara. Sun fi mu sanin aikin, kuma iyaye in sun ga haka su kan daina cewa wasa a ke yi a makaranta.

Abu mafi wuya shi ne malami ya riƙe hannunsa. In motar yaro ta karkace, kada ka karɓa ka gyara masa. Tambaye shi, "Me ya sa ta ke karkata? Wane kara ya fi tsawo?" Ka ba da maki ga abin da aka yi a gabanka kaɗai, kome muninsa, ka ƙi karɓar na kasuwa kome kyaunsa. A ƙarshen zango ka jera aikin ko wane yaro, har na wanda bai iya ba, ka gayyaci iyaye su zo su gani.

Da yawa cikinmu za a tura mu makarantun da ba su da takardar zane, ba su da almakashi, wata ma ba ta da isassun kujeru. Wannan ba zai zama mana hujja ba, muddin akwai gonar dawa a bayan aji da rafi a gangare. Kaka ba ta daɗewa. In muka bari kara ya shiga murhu, yumɓu ya ƙafe, sai kuma baɗi, yaron da ke aji ɗaya bana kuwa ba zai sake zama ɗan shekara shida ba. Allah ya ba mu himma.