Gilashin Gefen Mota Ya Fashe? Ɗauko Wayarka Kafin Ka Nufi Kasuwa

Yau za mu ɗan sauka daga kan waya mu leƙa mota, amma ba za mu yi nisa da gida ba, domin maganar gilashi ce, kuma wayar da ke hannunka ita ce kayan aikin farko.

Gilashin gefe yana fashewa ta hanyoyi da dama. Wani lokaci ɓarawo ne ya hango jakar laftof a kujerar baya, wani lokaci dutse ne ya taso daga tayar babbar mota. Ko motar ba taka ba ce, ta Baba ce ko ta Yaya, akwai yiwuwar kai za a tura kasuwa. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, wannan gilashin ba a gyara shi, sai dai canji. Kuma asarar da mutane suka fi yi ba a wajen ɗaurawa take ba, a wajen sayen wanda bai dace da motar ba take.

Me ya sa yake wargajewa kamar tsakuwa?

Ka lura, idan dutse ya sami gilashin gaba, tsagewa yake yi ya zauna a wurinsa, har wani ya yi wata shida yana yawo da shi a haka. Na gefe kuwa, taɓawa ɗaya sai ya zube gaba ɗaya. Ba rashin inganci ba ne, iri biyu ne daban.

Na gaba falle biyu ne aka manne da wata leda mai suna PVB a tsakiyarsu. Ko ya fashe, ledar tana riƙe da shi. Shi ya sa ake iya cike ƙaramar tsaga a jikinsa da wani ruwan gam.

Na gefe a yawancin motocin da muke hawa falle ɗaya ne da aka gasa. Bayan an yanka shi an lanƙwasa shi daidai da ƙofa, sai a zafafa shi ya haura digiri 600, sannan a busa masa iska mai sanyi da sauri. Bayansa sai ya riga cikinsa sandarewa. Da cikin ya zo hucewa, sai ya riƙa janyo bayan, gilashin ya zauna a ɗaure tamau har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ɗaurin ne ya sa ya fi gilashin tagar gida ƙarfi kamar sau huɗu zuwa biyar. Amma duk ranar da tsaga ta kai cikinsa, ɗaurin zai kwance lokaci guda, ya wargaje zuwa ƙananan gutsattsari marasa kaifi sosai. Da gangan aka yi shi haka, don kada ya yanka mutum kamar wuƙa idan an yi haɗari.

Daga nan ka samu makamin farko na shiga kasuwa: gasasshen gilashi ba ya yankuwa. Duk wanda ya ce maka babu na motarka amma zai yanko maka wani ya shiga, to ba irin na asali zai ba ka ba. Idan gilashin gida ne ya yanko, ranar haɗari dogayen ɓarori masu tsini zai yi, kuma saitin wuyanka yake.

Na san wani zai ce, ai sikirin gad ɗin wayarsa ma an rubuta masa Tempered Glass. Sunan ɗaya ne, amma hanyar ta bambanta. Gilashin waya ya yi siriri da yawa, gashi da iska ba ya yi masa. Irin su Gorilla Glass na kamfanin Corning, tsoma su ake yi a narkakken gishirin potassium mai zafin kusan digiri 400, sinadarin ya cusa kansa a fatar gilashin ya matse ta. Shi ya sa fuskar waya take tsagewa kamar saƙar gizo maimakon ta zube. Ita kuma 9H da ake bugawa a kwali, ma'aunin taurin fensir ne kawai, yashin aljihunka ma yana iya karce ta.

Rubutun da ke kusurwar gilashi

Kowane gilashin mota na gaskiya yana da ɗan rubutu a ɗaya daga cikin kusurwoyinsa na ƙasa. Mutane da yawa ba su taɓa karanta shi ba, alhali shi ne katin shaidar gilashin. Tunda naka ya fashe, zagaya ƙofar da ke ɗaya gefen, ka ɗauki hoton nata. Idan hoton bai fito ba, sa farar takarda a bayan gilashin ka sake ɗauka.

Abu na farko da za ka nema shi ne kalmar Tempered ko Toughened, wato gasasshe, ko kuma Laminated, wato mai leda a tsakiya. Kamfanin AGC na Japan yakan rubuta Temperlite ga gasasshe, Lamisafe ga mai leda. Sai alamar AS: AS1 na gilashin gaba ne, AS2 shi ne na ƙofofi da aka saba gani, wanda aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ke ratsa shi, AS3 kuma shi ne mai duhun da ake sa wa bayan wasu manyan motoci tun daga kamfani. Za ka ga DOT da lamba a gabansa, wannan lambar masana'antar da ta yi gilashin ce a rajistar Amurka. Idan ka ga harafin E a cikin da'ira da 43R a kusa, an tantance shi bisa ƙa'idar Turai ke nan, lambar jikin E ɗin kuma ƙasar da ta ba da shaidar ce: 1 Jamus, 2 Faransa, 6 Beljiyam.

Kada tambarin Toyota ko Honda ya ruɗe ka. Ba su suke narka gilashi ba, saya suke yi daga irin su AGC, Pilkington, Saint-Gobain Sekurit da Fuyao ta ƙasar Sin. Gilashin da ba shi da tambarin motar amma yana da waɗannan alamomin, a wajena babu laifi a saye shi. Wanda babu rubutu ko ɗaya a jikinsa shi ne abin gudu.

Maganar Laminated ɗin nan tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Sababbin motoci da yawa sun fara sa mai leda a ƙofofin gaba, don rage ƙara da kuma hana mutum faɗowa waje idan mota ta wuntsila. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ce kusan ɗaya cikin uku na samfuran 2018 suna da shi, kuma a gwajin da ta fitar a 2019, babu ko ɗaya cikin ƙananan gudumomin fasa gilashi na gaggawa da ya iya fasa shi. Waɗannan motocin yanzu su ne suke shigo mana a matsayin tokumbo. Don haka ka san wanne ne a kowace ƙofa, saboda ranar da Allah ya kiyaye ƙofa ta ƙi buɗuwa, ka san tagar da za ka nufa.

Hoto na biyu da za ka ɗauka shi ne lambar VIN, wadda ake kira lambar cesis. Haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar mota: 3 na nufin 2003, 9 na nufin 2009, A kuma 2010, B 2011, haka har gaba. Wannan ya fi abin da dillali ya faɗa maka gaskiya, musamman yanzu da ake canza wa tsohuwar mota fitilu da bamba ta koma kamar sabon yayi, alhali ƙofofinta na tsohuwar ne. Sunan mota kaɗai ba ya isa. Honda Accord 2003 zuwa 2007 ta Amurka, wadda ake ce wa EOD, jikinta daban ne da Accord ta Turai ta waɗannan shekarun, gilashin wannan ba ya shiga waccan. Haka mai ƙofa biyu da mai ƙofa huɗu.

Da waɗannan hotuna, tura wa masu kaya biyu ko uku ta WhatsApp, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka faɗi ƙofar a fili: gaba ko baya, gefen direba ko na fasinja. Ka nemi su turo hoton rubutun nasu ka gwama.

Idan na hannu za ka saya, bi bakinsa da yatsa a hankali, zagaye ɗaya cikakke. Raunin gasasshen gilashi a bakinsa yake, ɗan ɓantare kamar ƙwayar shinkafa ya isa ya fashe maka wata rana a ramin titi. Ka tuna bikin nuna Cybertruck ta Tesla a Nuwamban 2019, lokacin da aka jefi gilashin da ƙwallon ƙarfe ya tsage a gaban duniya? Daga baya Elon Musk ya ce dukan gudumar da aka fara yi wa ƙofar ne ya riga ya tsaga gindin gilashin.

Kafin a samo sabo

Kada ka taɓa maɓallin gilashin. Guntayen da suka zuba cikin ƙofa za su shiga injin ɗagawa su cinye shi, ka tashi daga sayen gilashi zuwa sayen inji. Idan sata ce, ɗauki hotuna kafin ka share, za su yi maka amfani wajen 'yan sanda ko inshora. Sannan ka rufe ramin da leda mai kauri, salatif ɗin ya kama ƙarfen ƙofa ta ciki, domin ranarmu tana narkar da gam a kan fenti.

Aikin kansa

A mota irin Corolla ko Camry, aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Sukurdireba, sifana lamba 10, safar hannu mai kauri da na'urar zuƙe ƙura sun wadatar. Ko ba kai za ka yi ba, sanin matakan zai sa ka tsaya a kan mai aikin da ido buɗe.

Ana fara kwance murfin ƙofa na ciki. Sukurorinsa sukan ɓuya a bayan hannun buɗe ƙofa da cikin wurin ɗora hannu, sauran kuma ƙananan maƙalai ne na roba da ake ɓamɓarowa a hankali. Ɗauki hoton kowace waya kafin a zare ta. A bayan murfin akwai wata leda da aka manne a jikin ƙarfe. Masu gaggawa suna yage ta su yar, ka hana. Ita ce take tare ruwan damina daga shiga sifika da maɓallai.

Sai a mayar da maɓallin na ɗan lokaci, a motsa injin kaɗan kaɗan har notinan da ke riƙe gindin gilashi su bayyana ta ramukan ƙofa, a kashe mota, a kwance su, a cire ragowar tsohon. Idan ka ga soket mai launin rawaya, na jakar iska ne, a bar shi yadda yake.

Nan ne wurin da ya fi cancantar a ɓata lokaci, kuma nan aka fi yin ha'inci: shara. A zuƙe ƙasan ƙofa tas, a buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa, a bi cikin robar da gilashi ke gudu a kanta. Gutsure ɗaya da ya maƙale a robar nan zai ja dogon layi a jikin sabon gilashinka tun ranar farko, wanda ya rage a ƙasa kuma zai riƙa yi maka kacau-kacau a kowane gargada.

Sabon yana shiga ta sama, a karkace, bakin gaba ya fara nutsewa, sannan a daidaita shi cikin robobin gefe biyu. A ɗaure notinan daidai, ba da ƙarfin tsiya ba. A gwada hawa da sauka sau da yawa kafin a mayar da murfi. Ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku da ba ya motsi, a wasu motocin da gam ake manne shi, wannan ka bar wa masu gilashi.

Idan ƙofar tana da ledar duhu a da, sabon zai zo fari. Kafin ka manna wata, ka tuna cewa a Najeriya akwai dokar baƙin gilashi tun 1991.

Ɓangaren da ya shafi manhaja

An gama ɗaurawa, sai ka ga dannawa ɗaya ba ta ƙara kai gilashi sama da kansa, ko ya kai sama ya dawo rabi. A nan ne ake cewa inji ya mutu a sayo wani, alhali lafiyarsa ƙalau.

A matsayina na mai rubuta manhaja, wannan ɓangaren ya fi burge ni. Injin ba ya ganin gilashi. Akwai ɗan firikwensin da ke ƙirga juyin da motar injin take yi, da ƙaramar kwamfuta da ta haddace cewa juyi kaza shi ne rufewa. Idan gilashi ya gamu da turjiya kafin ƙirgen ya cika, sai ta ɗauka hannun mutum ne, ta juya shi ƙasa. Da aka kwance inji ko aka cire batir, lissafin na iya gogewa ko ya kauce, kamar wayar da agogonta ya rikice. Sai an sake nuna mata inda sama take.

A motoci da yawa, ciki har da Honda da Toyota, hanyar kusan ɗaya ce: kunna mota, danne maɓallin har gilashi ya sauka ƙasa gaba ɗaya ka ci gaba da riƙewa kamar daƙiƙa biyu, sannan ka ja shi sama har ya rufe ka sake riƙewa daƙiƙa biyu zuwa uku. A yi shi daga maɓallin ƙofar da aka yi wa aiki. Idan bai kama ba, nemi littafin motar na PDF a intanet da sunanta da shekarar da VIN ya ba ka, domin wasu suna da nasu tsarin.

Bayan ya dawo, gwada kariyar. Naɗe tawul ko ka sa gorar ruwa ta roba a bakin tagar, ka danna ya hau da kansa. Ya kamata yana taɓa ta ya koma ƙasa. Idan ya murƙushe gorar ya ci gaba, kada a bar yara su zauna kusa da wannan ƙofar sai mai riwaya ya duba ta.