Bin sawun karen da ya firgita Ingila

Shekara da shekaru, mutanen da kare ke kashewa a Birtaniya ba su cika wuce uku ko huɗu a shekara ba. Kwatsam a 2022 aka ƙirga goma, har da ƙananan yara, kuma da yawa a cikin gida abin ya faru, ba a kan titi ba. Me ya sauya?

Da farko korona aka zarga. A zaman kulle na 2020 jama'a sun yi rububin sayen kwikwiyo don ɗebe kewa, karnukan suka girma ba horo, ba sabo da baƙi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta warware komai ba. Ai kowane irin kare aka saya a lokacin. Don me suna ɗaya ke ta dawowa a rahotanni, wato XL Bully, ƙaton kare mai faɗin ƙirji wanda nauyinsa kan kai na baligin mutum?

Nan ma da ɗaurin kai. Tun 1991 dokar karnuka masu haɗari ta haramta iri huɗu a ƙasar: Pit Bull, Tosa na Japan, Dogo Argentino da Fila Brasileiro. To ta ina wannan ya shigo? Ta ƙofar suna. A Amurka aka samar da shi, ta hanyar barbarar Pit Bull da danginsa, ana zaɓen masu girma da tsoka. Da ya iso Ingila wajen 2014, sunansa ba ya cikin jerin. Jinin kuwa tsoho ne. Kakannin Pit Bull a Ingilar aka ƙirƙiro su don a haɗa su faɗa da bijimai, da aka hana wannan a 1835 sai aka koma haɗa kare da kare.

Saura tambaya mafi wuya: me ya sa ɓarnar ta taru cikin 'yan shekaru kaɗan? Masu kiwon irin wannan kare suna alfahari da asali, suna baje sunayen iyaye da kakanni a intanet don kwikwiyo ya yi tsada. Wata ƙungiya mai suna Bully Watch ta zauna ta bi waɗannan takardu ɗaya bayan ɗaya. Sawu ya yi ta komawa kan kare guda a Los Angeles, mai suna Kimbo, wanda aka samu ta hanyar haɗa 'yan'uwa na jini. A 2023 jaridar Telegraph ta ruwaito cewa kusan rabin waɗanda aka bincika a Birtaniya zuri'arsa ne, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yansa ne ya kashe yarinya 'yar shekara huɗu a jihar Louisiana a 2014. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA ta yi adawa da haramta XL Bully, tana cewa matsalar tana ga masu kiwo da masu riƙo. Na yarda da rabin maganarta, domin mutum ne ya zaɓi wanda za a haɗa da wa, don kuɗi. Amma uwar da ta rasa ɗa ba za ta jira a gyara halin masu kiwo ba. Bayan wasu hare-hare a Satumba 2023, Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya sanar da haramci. Daga 1 ga Fabrairu 2024 laifi ne riƙe XL Bully a Ingila da Wales ba takardar izini, kuma sai an yi masa fiɗiya, an sa masa takunkumi da igiya duk lokacin da zai fita. Gwamnati ta zaci karnukan dubu goma ne, aka yi rajistar fiye da dubu hamsin.

A Kano da Abuja ma masu hali suna sayen Boerboel da Rottweiler don gadi, sau da yawa daga hoton waya kawai. Mai wannan niyya ya je da ƙafarsa ya ga uwar da uban, ya tambayi yadda suke da juna, ya lura da yadda uwar ke karɓar baƙo. Ya kuma tambayi kansa ko akwai mai iya janye karen a gidan ranar da ba ya nan, sa'ad da almajiri ko ɗan maƙwabta ya turo ƙofa. In mai sayarwa ya ƙi nuna iyayen, a fasa cinikin.