Karen da Bai Yi Haushi Ba

Da yawa daga cikin masana adabinmu suna ɗaukar labaran binciken kisan kai a matsayin karatun rage dare. Ni kuwa ban san wata makaranta da ke horar da marubuci kan riƙon amanar mai karatu kamarsu ba.

Irin wannan labari daga ƙarshensa ake fara gina shi. Sai marubuci ya san wanda ya yi kisan, da yadda ya yi, da dalilinsa, kafin ya ɗora alƙalami a shafin farko. Daga nan kowace jimla sai ta ci guminta. A labarin "Silver Blaze" na 1892, Arthur Conan Doyle ya sa Sherlock Holmes ya lura cewa karen da ke barga bai yi haushi ba a daren da dokin tsere ya ɓace. Ashe ke nan karen ya san wanda ya shigo. Shaidar tana gaban mai karatu tun da wuri, ya tsallake ta da kansa.

Agatha Christie ta wuce nan. A littafinta The Murder of Roger Ackroyd na 1926, likitan da ke ba da labarin da bakinsa shi ne mai kisan. Wasu sun ce wannan ha'inci ne. Ban yarda ba. Duk wanda ya koma ya sake karantawa zai tarar likitan yana faɗin abin da ya faru ne, sai dai yana yin shiru daidai inda magana za ta tona masa asiri. Sanin abin da za a faɗa da wanda za a jinkirta, a nan gwanintar take.

A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara wa masu wannan rubutu dokoki 10. Cikinsu ya hana warware matsala da aikin gaibu, ko da sa'a, ko da tagwayen da ba a sanar da mai karatu zamansu ba. Ba lallai marubucin soyayya ya bi su duka ba. Amma ina tuna su duk lokacin da na karanta littafin Hausa mai juzu'i uku, aka sha wahalar ƙulla rikicin gida, sannan a shafuka biyar na ƙarshe hatsarin mota ya ɗauke kishiya, boka ya tuba, wani kawu da ba a taɓa ambata ba ya mutu ya bar wa jarumin gado.