Agamemnon, sarkin da ya ci yaƙi ya rasa gida

Ƙasar Girka tana kudancin Turai, a bakin Bahar Rum. Ƙasa ce mai duwatsu da tsibirai masu yawa. A zamanin da, kowane birni da sarkinsa. Mawaƙa sukan bi fada-fada suna rera labaran jarumai. Ɗaya daga cikin jaruman nan shi ne Agamemnon, sarkin birnin Misen. Agamemnon mutumin almara ne, amma birninsa na gaske ne. Har yau ganuwarsa tana nan, da babbar ƙofa wadda aka sassaƙa zakuna biyu a bisanta.

Mafarin yaƙi

Agamemnon yana da ɗan'uwa mai suna Menelas, sarkin Siparta. Wata rana wani ɗan sarki daga birnin Turwa ya zo baƙunci gidan Menelas. Da zai koma, sai ya gudu da Helen, matar mai gida. Birnin Turwa yana ƙetaren teku, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Agamemnon ya tara sarakunan Girka, suka naɗa shi shugaban rundunarsu. Suka yi shekara 10 suna kewaye da birnin. A ƙarshe suka ci shi da dabara: suka ɓoye mayaƙa cikin wani ƙaton dokin itace, mutanen Turwa suka ja shi cikin gari da hannunsu.

Marubuta da yawa sun ba da labarin wannan sarki. Kowanensu ya duba tambaya guda: mene ne sarki yake biya don ya riƙe mulki? Amma ba amsa ɗaya suka bayar ba.

Homer: sarki mai girman kai

Homer mawaƙi ne wanda ya rayu wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Waƙarsa mai suna Iliyad tana da babi 24 da baiti fiye da dubu 15. A cikinta an lissafa jiragen ruwa 1186, kuma 100 daga ciki na Agamemnon ne. Ba sarkin da ya kai shi jama'a.

Waƙar ta fara da gardama. Girkawa sun kama wata yarinya, suka ba Agamemnon ita cikin rabon ganima. Ubanta mai hidimar gunkin Apolo ne. Ya zo da fansa mai yawa, sarki ya kore shi da zagi. Sai annoba ta faɗa wa sansani kwana 9. Da boka ya faɗi dalili, tilas sarki ya mayar da yarinyar. Amma don kada ya tashi a banza, sai ya ƙwace wadda aka ba Akilus, jarumin da ya fi kowa ƙarfi. Akilus ya yi fushi, ya ajiye makamai. Mutanen Turwa suka kori Girkawa har bakin jiragensu. Sarki ya aika da alkawarin zinariya, da dawaki 12, da birane 7, Akilus ya ƙi. Bai koma fagen fama ba sai da aka kashe amininsa. Ko da Agamemnon ya zo neman sulhu, cewa ya yi gumaka ne suka rufe masa ido. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Talakawan soja ne suka biya kuɗin wannan rawani da ransu.

A waƙa ta biyu, Odise, jarumi Ulis ya gamu da kurwar Agamemnon a lahira. Kurwar ta gaya masa cewa ranar da ya koma gida, Ejist, kwarton matarsa, ya gayyace shi cin abinci, ya kashe shi a wurin.

Eskil: jini yana jawo jini

A zamanin da, a birnin Atina, kowace shekara akan yi gasar wasan kwaikwayo. A shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa, Eskil ya zo na fari da wasanni uku a jere. Na farkonsu sunansa Agamemnon. Eskil ya san yaƙi, don shi kansa ya yi faɗan Maraton a shekara ta 490.

Wasan ya tuna da wani abu wanda Iliyad ba ta ambata ba. Kafin tafiya Turwa, jirage sun taru a tashar Awlis, amma iska ta hana su tashi. Boka ya ce gunkiya Artemis ba za ta huce ba sai sarki ya yanka ƴarsa Ifijeni. Ya yanka ta, jirage suka tashi. Uwar yarinyar, Kilitemnes, ta yi shekara 10 tana jira. Da ya dawo, ta shimfiɗa masa jajayen tufafi masu tsada daga keken dokinsa har ƙofar gida. Ya taka su, ya shiga. Yana wanka ta lulluɓe shi da mayafi, ta soke shi.

A wasa na biyu, ɗansu Ores ya kashe uwarsa don ya rama wa ubansa. A na uku, aka kai Ores gaban alƙalai a Atina. Ƙuri'a ta zo daidai, gunkiya Atena ta goyi bayansa, aka sake shi. Darasin Eskil shi ne ramuwa ba ta ƙarewa sai an kafa shari'a.

Uripid: uba mai zuciya biyu

Uripid ya rubuta Ifijeni a Awlis lokacin da Atina take cikin dogon yaƙi da Siparta. Ya rasu a shekara ta 406, aka nuna wasan bayan mutuwarsa. A nan Agamemnon ba shi da ƙarfin hali. Ya rubuta wa matarsa takardar ƙarya, wai ta kawo yarinyar a ɗaura mata aure da Akilus. Da dare ya yi nadama, ya sake rubuta wata takarda cewa kada su zo. Menelas ya tare manzon a hanya. Daga nan tsoron soja ya kama sarki: in ya fasa, za su juya masa baya. Shugaban dubban mutane ya zama bawansu. Yarinyar da kanta ta yarda ta mutu, ta fi ubanta jaruntaka.

Rasin: labarin ya isa Faransa

Bayan shekara fiye da dubu 2, Jan Rasin ya rubuta Ifijeni da faransanci. An fara nuna shi a 1674, a fadar Barsay, gaban sarki Luwi na 14. Agamemnon na Rasin yana son ƴarsa, yana kuma son ɗaukaka, ya kasa zaɓa. Rasin bai bari a yanka Ifijeni ba. Ya shigo da wata yarinya, Erifil, ita ta mutu a madadinta.

Fuskar zinariya

A 1876 wani Bajamushe mai suna Shiliman ya yi tono a Misen. Ya sami kaburbura cike da zinariya, har da wani marufin fuska na mamaci. Aka sa masa suna Fuskar Agamemnon. Daga baya masana suka gano cewa an ƙera shi kamar shekara 300 kafin lokacin da ake danganta wa yaƙin Turwa. Yana nan ajiye a gidan tarihi na Atina. Fuskar ta wani sarki ce daban. Fuskar Agamemnon kuwa, sai a cikin littattafai ake samun ta.

Tambayoyi

1. Me ya sa Akilus ya ajiye makamai?
2. Wa ya kashe Agamemnon a Odise? Wa ya kashe shi a wasan Eskil?
3. Yaya aka tsayar da ramuwa a gidan Agamemnon?
4. Me ya hana sarki fasa yanka ƴarsa a wasan Uripid?
5. Da Agamemnon ya ƙi bin maganar boka, me zai rasa, me zai samu?