Sababbin Ma'adinai a Bakin Dutse Mai Aman Wuta

Dutse mai aman wuta yakan lafa, amma cikinsa ba ya hucewa da wuri. Shekaru da dama bayan narkakken dutse ya daina kwarara, iskar gas mai tsananin zafi takan ci gaba da fitowa ta tsagogi da ƙananan ramuka a jikinsa. Waɗannan kafofi ne masana ƙasa ke kira fumarol. Mafi yawan abin da ke fita ta cikinsu tururin ruwa ne, sai iskar kabon da ta farar wuta da sinadaran kulorin da fulorin. A cikin wannan hayaƙi kuma akwai ɓurɓushin jan ƙarfe, dalma, tutiya da asanik. Da zarar gas ɗin ya kusa baki ya fara hucewa, sai waɗannan sinadarai su daskare kai tsaye a bangon tsagar, kamar yadda kunkunniya ke taruwa a rufin madafi. Wasu ma'adinan kuwa suna samuwa ne idan gas ɗin ya ci jikin dutsen da yake ratsawa, ya gauraya da abin da ke cikinsa.

Binciken irin waɗannan ma'adinai ya samo asali ne daga Italiya. A dutsen Vesuvius, kusa da birnin Naples, aka bayyana baƙin ma'adinin jan ƙarfe da aka raɗa wa suna tenorait a 1841, don girmama masanin tsirrai Michele Tenore. Daga baya tsibirin Vulcano na Italiya, da dutsen Izalco na El Salvador, da Hekla da Eldfell na Aisland, kowanne ya ba da nasa rabon.

Amma babu inda ya kai Tolbachik, a yankin Kamchatka na gabashin Rasha. A watan Yulin 1975 ƙasa ta tsage a can, aman wuta bai tsaya ba sai Disambar 1976, ya bar tsaunukan toka da ƙonannen dutse. A kan na biyu daga cikin tsaunukan ɓangaren arewa ne fumarol biyu da suka fi shahara suke: Yadovitaya, wato mai guba, da Arsenatnaya, wadda aka tono a 2012. Lidiya Vergasova ta cibiyar nazarin aman wuta da ke Kamchatka da Stanislav Filatov na Jami'ar St Petersburg ne suka share fagen aikin, daga baya ayarin Igor Pekov na Jami'ar Mosko ya ɗora. Zuwa yanzu ma'adinai fiye da 100 ne aka fara ganowa a Tolbachik, adadin da da wuya a samu a wani wuri guda a duniya.

Dalilin wannan arziki shi ne iska. Tsaunin ƙonannen dutse cike yake da kafofi, don haka iskar waje takan kutsa ta gauraya da gas ɗin da ke tasowa daga ƙasa. Iskar shaƙa da ke cikinta ita ke sa farar wuta, asanik da banadiyom su haɗu da jan ƙarfe ta hanyoyin da ba sa yiwuwa a ƙarƙashin ƙasa, inda babu iska. Ga zafi mai yawa, ga rashin nauyin ƙasa a kai. Mai bincike yakan ɗaye ɓawon sama da diga, sai ramin ya bayyana hawa-hawa: kusa da baki korayen ma'adinai masu farar wuta, can ƙasa kuma, inda zafi ya haura digiri 400, masu asanik a kwance kan baƙin ƙarfe mai ƙyalli. Tazarar taku ɗaya kan isa ta canja abin da ke tsirowa a bango. Saboda haka a wasu duwatsun, irin su Merapi na Indunusiya, akan zura bututun gilashi mai jure wuta cikin kafar, a bar shi na wani lokaci, sannan a zaro a duba abin da ya daskare a kowane mataki na zafi.

Samun abin ba shi ne wahalar ba. Kai shi ɗakin bincike yadda yake, nan ne gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin waɗannan ma'adinai ba sa jure danshi. Tolbachait, wanda aka bayyana a 1983, haɗin jan ƙarfe ne da kulorin mai launin ƙasa-ƙasa. Idan ya sha iska mai laima sai ya zuƙi ruwa ya rikiɗe ya zama wani ma'adini dabam mai launin shuɗi-kore. Shi ya sa ake rufe samfur a kwalba ko mazubi marar shigar iska tun a bakin ramin.

A ɗakin bincike, ƙwayar da za a yi aiki da ita sau da yawa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Da allura ake tsamo ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wata na'ura mai harba lantarki takan faɗi sinadaran da ke ciki da yawan kowanne. Hasken eksire kuma, idan ya ratsa ƙwayar ya watsu, yakan nuna yadda ƙwayoyin zarra suka jeru. Wannan jeri yana da muhimmanci daidai da sinadaran, domin abubuwa biyu na iya zama da sinadarai iri ɗaya amma tsarinsu ya bambanta, kowanne ya zama ma'adini mai zaman kansa.

Mai bincike ba ya yanke wa kansa hukunci. Yakan miƙa bayanansa ga kwamitin sababbin ma'adinai na Ƙungiyar Masana Ma'adinai ta Duniya, wanda aka kafa a 1959, wakilan ƙasashe su kaɗa ƙuri'a kan ma'adinin da kuma sunan da aka ba shi. Dole ne kuma a ajiye samfurin asali a gidan tarihi, kamar na Fersman da ke Mosko, domin wani ya iya sake gwadawa. Ma'adinan da aka amince da su sun kai kimanin 6,000.

Yawancin na fumarol ba su da yawan da za a haƙa a sayar. Amfaninsu yana cikin abin da suke koyarwa. A dutsen Kudryavy na tsibirin Iturup, inda zafin gas ke kaiwa kusan digiri 900, an ba da rahoton ma'adinin reniyait a 1994, mai ɗauke da reniyom, ƙarfe mai matuƙar ƙaranci da ake sawa a injin jirgin sama. Petrobait kuwa, shuɗin ma'adinin Tolbachik da ayarin Filatov ya sanar a 2020, tsarinsa na da hanyoyin da sinadarin sodiyom ke iya zirga-zirga a ciki, abin da ya ja hankalin masu neman haɗa batir da sodiyom a madadin litiyom.