A-kori-kura ta daina ja: ina gaskiya, ina zancen gareji?

Da zarar an shiga cirar albasa a Aliero ta jihar Kabi, a-kori-kura ba ta ƙara samun hutu. Daga fadama zuwa rumfa, daga rumfa zuwa kasuwar Jega, wata kuma ta miƙi titin Koko ta bi ta Maiyama da buhunan shinkafa ko gero. A irin wannan lokaci ne ake yawan jin kukan direbobi cewa mota ba ta ja: ka taka totur har ƙasa, sai gurnani, mai babur ya wuce ka kana kallo. Kafin mai motar ya rufe baki an ba shi fatawa kala-kala. Wani ya ce mai ne, wani ya ce a fasa indomin salansa, wani ya ce ai inji ya gama, a sauke shi kawai. A cikin maganganun nan akwai gaskiya, akwai mai rabi-rabi, akwai kuma ƙanzon kurege da ke cinye wa mutane ribar shekara.

Mafi tsada a cikinsu ita ce ta cewa duk motar da ta rasa ƙarfi zobbanta ne suka mutu, sai an sauke inji an sa sababbi ko a nemo ɗan Beljiyam. Sau da yawa ba haka ba ne. Kafin a zargi inji ma, sai an tabbatar shi ne ya kasa, domin yana iya bayar da ƙarfinsa cif amma ƙarfin ya salwanta kafin ya isa taya. Idan ka taka totur ƙarar inji ta tashi, allurarsa ta hau, amma gudu bai ƙaru ba, musamman da lodi a giya ta huɗu ko ta biyar, to kuloci ne ke sulɓi, wani lokaci har da ƙauri. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a fili, ja birkin hannu, sa giya ta huɗu, ka saki kuloci sannu a hankali. Lafiyayye zai kashe inji nan take. Idan inji ya ci gaba da aiki, faranti ya cinye. Haka birkin da ya kama bai saki ba. Bayan 'yar tafiya ka kai hannu kusa da kowane wili, kada ka taɓa. Wanda ya fi sauran zafi shi ke riƙe motar. A sauke inji a irin wannan hali, an bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Sai maganar da direbobi ba su son ji. Toyota Hilux da takwarorinta an ƙera su ne don kayan da bai wuce wajen tan 1 ba. Idan buhun albasa ya kai kilo 100, buhu 10 ya cika ma'auni, tun ba a ƙirga masu kaya da suka ɗare a sama ba. Kowa ya san abin da ake lafta wa motocin nan ya zarce haka nesa. Ƙarin ganyen sifirin da ake yi a wurin mai walda yana hana bayan mota zama, amma bai ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya. Manyan tayoyin da samari ke sawa don ado su ma suna rage mata kuzarin tashi. Motar da ke tashi garau in babu kaya, ta kuma yi nauyi in an ɗora mata buhu 20, lafiyarta ƙalau. Mai ita ne ke da ciwo.

Masu cewa ƙura na kashe ƙarfin mota sun yi gaskiya, kuma sun fi kowa gaskiya a wannan yanki. Injin fetur na buƙatar iska ninki 14.7 na nauyin man da zai ƙona, wato duk lita 1 ta fetur sai ta sami iska kusan lita 9,000. Duk wannan iskar ta cikin matacin nan na takarda take bi. Ka haɗa hazon hunturu, da ƙurar hanyar gona, da ɓawon albasa da ƙaiƙayin shinkafa da ke tashi wurin lodi, sannan ka buɗe akwatin matacin motar da ta yi wata biyu tana jigila. Za ka tarar da takardar ta koma ja, ƙasa ta cike tsagoginta, in ka ɗaga ta wajen rana ko haske ba ya ratsawa. Inda aka ɓata shi ne maganin. Wasu sukan wanke ta da fetur, wasu su hure ta da iska mai ƙarfi har ta yage, wasu ma su cire ta ɗungurungum, wai mota ta sha iska. Za ta sha iskar, ta sha yashi tare da ita, kuma yashin nan ne ke goge zobba da bangon silinda har a kai ga saukar injin da ake gudu. A motoci masu injekta da dama akwai sansar da ke auna iska a bayan matacin. In ƙura ta lulluɓe ta sai ta riƙa kai wa kwamfutar mota rahoton ƙarya. Ita kam wanke ta ake yi da maganin feshinta, ba da tsumma ba.

Zancen cewa mota ta fi kuzari da asuba fiye da azahar ma ba camfi ba ne. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, kuma a watan Afrilu zafin Kabi yakan haura digiri 40. Wannan ragin kaɗan ne, ba ya buƙatar gyara.

Batun mai kuwa yana da tushe. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, kamfanin NNPC ya amsa hakan, aka janye man, layuka suka dawo gidajen mai, motoci da dama suka lalace. Saboda haka wanda ya ce mai na iya kashe mota bai yi ƙarya ba. Amma tsohon zargin nan na cewa 'yan bumburutu na surka fetur da kalanzir ya tsufa, domin an daɗe kalanzir ya fi fetur tsada, ba mai surka araha da tsada. Abin tsoro a man jarka shi ne ruwa da datti. Alamar gurɓataccen mai a fili take: mota lafiya lau, ka sha mai, ba ka yi nisa ba ta fara shaƙewa. Ciwon da ya shigo a hankali cikin watanni ba na man jiya ba ne.

Akwai kuma abin da ya ƙaru tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Yanzu da yawa ba sa iya cika tanki, kullum allura na ƙasa. Famfon mai na motar injekta a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, don haka yawo da ƙarancin mai na gajiyar da shi. Famfon da ya gaji yakan bar mota ta yi silo lafiya, sai an nemi ƙarfi a hawa ko wurin wuce tirela ta fara tari. Ana gane shi da agogon auna matsin mai, ba da kasa kunne a bakin tanki ba. Mai motar gas shi ma ya fara da matacin mai da kofin da ke tare ruwa kafin a taɓa masa famfo ko nozul.

Indomi, wato tukunyar nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa, ita ce aka fi yi wa ƙazafi. Gaskiya ne in ta toshe ko ta narke mota na shaƙewa, ta kasa wuce wani gudu, abin kuma ya ƙara muni in ta ɗau zafi. Amma lafiyayyar indomi ba ta hana mota ja. Ana iya sassauta salansa daga gabanta a yi ɗan gajeren gwaji. In ƙarfi bai dawo ba, ba ita ba ce. In ma ita ce, wani abu ne ya kashe ta, fulogi ko kwail da ba ya ƙona mai, ko inji mai shan baƙin mai, kuma fasa ta ba ya gyara wannan. Ka kuma sani a cikinta akwai ƙarafa masu daraja irin su filatinam, kuma tana da masu saye. Ban ce duk bakanike da ya ba da wannan shawara yana da wata manufa ba. Na dai ce in an cire, a miƙa maka kayanka a hannu.

Cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, da zuba baƙin mai mai kauri wai ya dawo da ƙarfi, duka biyun ba su da kan gado. Na farko yana barin inji cikin sanyi, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai. Na biyu ɓoye ƙara da hayaƙi kawai yake yi.

Ita kwamfutar gwaji, wasu sun raina ta, wasu sun mayar da ita boka. Tun 1996 Amurka ta wajabta sa ramin gwajin a motocin da ake sayarwa a can, kuma yanzu na'urar karantawa ta yi araha. Wani lokaci kwamfutar mota da kanta ke rage ƙarfi don ta kare inji in ta ga matsala, kuma fitilar nan mai ruwan ɗorawa da wasu ke cire wa ƙwai ita ce sanarwar. Sai dai lambar da na'ura ta nuna unguwar ciwo take faɗa, ba ta ce a sayi sabon kaya ba. Sau da yawa waya ce ta tsinke ko soket ya yi tsatsa. Tsohuwar Fijo 504 ta Kaduna da Hilux mai kafireta ba ruwansu da wannan, nasu tayamin ne da fulogi da jet.

Injin da ya gaji da gaske ba ya ɓuya. Yana fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai tsakanin juye da juye, in ka buɗe murfin mai yana huci, fulogoginsa jiƙe da baƙin mai. Ko da an ga waɗannan, akwai agogon auna matsin kowane silinda, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Mutanen Aliero sun yi suna da ɗori, kuma ba maɗorin kirki da zai ɗaura kara bai lalubo inda karayar take ba. Duk wanda ya ce maka a sauke inji, ka tambaye shi nawa agogo ya nuna a kowane silinda. In ba shi da amsa, rufe bonet ka nemi wani gareji.